Yadda rada ke ganin ƙasan Venus da Titan duk da gajimare

Tambayarka ita ce: tunda gajimare ya lulluɓe duniyar Venus da Titan, ɗaya daga cikin watannin duniyar Saturn, ta yaya kumbo ke zana taswirarsu? Da na'urar rada. Tana harba igiyar rediyo, gajimare ba ya tare ta, sai ta auna lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo, da kuma ƙarfinsa. Haka kumbon Magellan ya zana kusan kashi 98 cikin ɗari na Venus tsakanin 1990 da 1994, da igiya mai tsawon santimita 12.6.

Idan ƙarƙashin ƙasa ake nema, sai a rage yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa, wanda ake aunawa da megahaz, domin ta ratsa ƙasa. Radar MARSIS da ke kumbon Mars Express mai kewaya duniyar Mars tana aiki da megahaz 1.8 zuwa 5, tsawon eriyarta mita 40.

Inda mutane ke kuskure: fari a hoton rada ba launi ba ne, kaushin wuri ne ko gangara mai fuskantar kumbon. Shi ya sa tafkunan methane (iskar gas da sanyi ya mayar ruwa-ruwa) na Titan suka fito baƙi ƙirin, saboda santsinsu. Amo mai ƙarfi daga ƙarƙashin ƙasa ma ba lallai ruwa ba ne. Har yau ana gardama kan wanda aka gani a kudancin Mars a 2018. Kafin ka fassara ɗanyen bayani, nemi masanin sarrafa siginar rada.