Yaron shagona ya kasa haɗa ido da ni, ko shi ne ya ɗauki kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Sau biyu ke nan a watan nan lissafi bai cika ba. Da na titsiye yarona da tambaya sai ya sunkuyar da kai, yana wasa da yatsunsa, muryarsa na rawa. Na ji an ce duk wanda ya kasa haɗa ido da kai maƙaryaci ne. In sallame shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kada ka sallame shi a kan wannan.

Ka tuna yadda aka rene mu. Yaron da ya zuba wa babba ido ana masa faɗa, cewa ake yi idonsa ya bushe, ba shi da kunya. Tun yana ƙarami ake koya masa ya durƙusa, ya sadda kai, ya sassauta murya. To yau ya yi maka abin da aka hore shi a kai, kai kuma kana neman mayar da ladabinsa shaidar sata. A al'adar Bature ana ɗaukar kallon tsakiyar ido alamar gaskiya, kuma ko a can bincike bai goyi bayan zancen ba. A 2003 Bella DePaulo, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a kan alamu 158 da ake dangantawa da ƙarya, suka tarar kawar da ido ba ya bambanta maƙaryaci da mai gaskiya. A 2006 ita da Charles Bond suka duba bincike 206: mutane na bambanta ƙarya da gaskiya daidai ne kashi 54 cikin 100 kawai. Wanda ya yi canki-canka ma zai sami kusan 50.

Rawar murya da wasa da yatsu kuwa tsoro suke nunawa, ba sa faɗin tsoron mene ne. Ɓarawo na tsoron tonon asiri, mai gaskiya na tsoron kada a ƙi yarda da shi ya rasa abincinsa, kuma jikinsu iri ɗaya yake ɓari. Gogaggen maƙaryaci ma shi ne zai tsare ka da ido yana rantsuwa, don ya san abin da kake nema ke nan.

Ba wai jiki ba ya magana ba ne. Tsaki, harara, zumɓura baki, maƙe kafaɗa, duk mun san ma'anarsu. Abin lura shi ne sauyi. Yaya yaron yake yi idan ka tambaye shi kuɗin dako ko saƙon da ka aike shi? In kullum haka yake sunkuyawa, ba ka ga komai ba. In da sakin jiki yake amsa maka, sai a maganar kuɗin nan kaɗai ya rikice, ka sami dalilin ƙara bincike, ba na yanke hukunci ba.

Ka kira shi bayan an tashi kasuwa, ba a gaban maƙwabta ba. Ka ce ya ba ka labarin ranar daga buɗe shago zuwa rufewa, kada ka katse shi. Bayan kwana biyu ka sake tambayarsa, ka gwada da littafin ciniki da saƙonnin banki na na'urar POS. Ka kuma duba wa da wa ke taɓa aljihun tebur, har da 'yan'uwanka masu zama a shagon idan ka tafi masallaci.