Amsar Malam kan gwangwanin wake

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Maman Ummi na ji saƙonki tun da rana, caji ne ya ƙare min sai yanzu aka kawo wuta. Kin ce yarinyarki tana aji biyu amma littafinta ba ya cika da rubutu kamar na 'yar maƙwabciyarki, kuma wai an turo ta gida da gwangwanin madara cike da ƙasa, ko wasa muke yi da su a makarantar.

To Hajiya wallahi ba wasa ba ne. Kwafar allo daban, iya rubutu daban. Ni da idona na sha ganin ɗan aji huɗu ya cika shafi tsaf, rubutu kamar an buga da inji, amma ka goge allon ka ce rubuta min "ƙasa" sai ya tsaya yana cizon fensir yana kallon silin, ashe duk zane yake yi bai san me ya zana ba. Shi ya sa muke farawa da sauti, yaro ya ji harafin da kunnensa, ya faɗa, ya zana shi a iska da yatsa, ya zana a yashi ko a bayan abokinsa suna ta dariya, sannan ya ɗauki fensir. Daga nan a haɗa gaɓa, na, ka, ma, sai ga Nana, kaka, mama sun fito. Irin tsarin da littattafan Mu Karanta suka bi ke nan a Bauchi da Sakkwato, da na shirin karatu na RANA a Katsina da Zamfara, a fara da Hausar da yaro yake ji tukuna. Kuma don Allah ku riƙa duba musu lanƙwasa, ƙafa ba kafa ba ce, ɓari ba bari ba ne, mu manya ma waya ta lalata mu a nan.

Yauwa, sai gwangwani. Wannan darasin kimiyya ne, ba mu da ɗakin gwaji, yara sun haura saba'in a ajina, to da abin da ke hannu ake yi. Gwangwani biyu ma na ce a shuka wake a ciki, ita kuwa guda ɗaya ta ɗauko. Ɗaya a ajiye a tsakar gida inda rana take, ɗaya a ƙarƙashin gado. Cikin kwana uku zuwa biyar waken zai tsiro duka biyun, amma na ƙarƙashin gadon zai yi dogo siriri, ganyensa ɗorawa-ɗorawa kamar mai ciwon shawara, na rana kuwa gajere kore shar. Idan ta ga wannan ba sai na sa ta haddace cewa tsiro na buƙatar haske ba. Kullum da safe ta rubuta layi ɗaya, misali "yau ganye biyu sun fito", kin ga rubutun ma ya samu, kuma daga kanta ya fito ba daga allo ba.

Mako mai zuwa maganaɗisu za mu yi, duk mai tsohuwar rediyo ya ciro na sifikar ya ba yaronsa ya zo da shi, da ƙusa da ashana.

Af, Maman Ummi, a huda gindin gwangwanin da ƙusa, in ruwa ya kwanta waken ruɓewa zai yi. Kuma a kula da akuya, bara ta cinye na yara uku. Sai da safe.