Yadda Michigan ta cinye wasanni 15 a kakar 2023

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda Jami'ar Michigan ta lashe kofin ƙwallon Amurka na jami'o'i alhali ba ta yawan jifa da ƙwallo. Amsar tana wajen ƙattin nan biyar da ke layin gaba.

A wannan wasa, ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da ƙwallo yadi 10. In ƙattin gaba suna buɗe hanya, mai gudu da ƙwallo yana samun yadi huɗu ko biyar kowane karo, to babu dalilin yin jifa mai haɗari. Kuma agogo yana ta tafiya, 'yan bayan abokan hamayya suna gajiya. A wasansu da Penn State, sai da suka yi gudu sau 32 a jere har aka tashi 24-15. Mai horar da su, Jim Harbaugh, ba ya filin ma ranar saboda an dakatar da shi. Mataimakinsa Sherrone Moore ne ya riƙe ƙungiyar.

Wasan ƙarshe kuwa, ranar 8 ga Janairu 2024 a Houston, sun yi gudun yadi 303, suka doke Washington 34-13. Masu gudu da ƙwallon Michigan, Blake Corum da Donovan Edwards, kowannensu ya haura yadi 100.

Matsalar wannan salo ita ce in an riga ka ci da tazara, lokaci ba zai ishe ka ramawa ba. Shi ya sa tsaron bayansu ya fi burge ni: maki kusan 10 kacal aka riƙa ci musu a kowane wasa a kakar. Alabama ce ta fi matsa musu, sai a ƙarin lokaci suka yi nasara 27-20.