Amsa ga mai fama da jemagu a cikin silin

Malam, ka ce da rana ka toshe ramin da jemagu ke shiga rufinka, sai wari ya ƙaru, kuma har yanzu kana jin motsinsu. To, rufe su ka yi a ciki. Da rana duk suna nan suna barci, wasu suka mutu, sauran suka nemi wata kafa. Maza ka buɗe wurin tukuna.

Ka tsaya waje da magariba, kwana biyu ko uku, kai da wani, kowa ya riƙe gefe guda na gidan, ku ga inda suke fitowa. Ƙaramin jemage yana kutsawa ta tsagar da ba ta wuce santimita 1 da rabi ba, don haka ka duba inda kwano ya haɗu da bango, da kan tsinin rufi, da ramukan shan iska. Baƙin maiƙo a bakin rami da kashi a ƙasansa, ƙofarsu ke nan. Kashin nasu yana marmashewa da ƙyalli na fukafukan ƙwari, na ɓera kuwa tauri gare shi.

Ka toshe duk sauran kafofin da siminti, katako ko ragar waya, ka bar waɗanda suke bi. Jemage ba ya ƙwaƙular abu kamar ɓera, abin da ka liƙe ya liƙu. A kan ƙofar tasu ka rataya ragar roba mai ƙananan ido, ka kafe samanta da gefunanta, ka bar ƙasan a sake, ta sauko santimita 50 ƙasa da ramin. Za su sulale su fita, in sun dawo su rasa hanya. Bututun roba mai faɗin santimita 5, tsawon 25, bakinsa na kallon ƙasa, shi ma yana yi, santsinsa ke hana su hawa. Bayan kwana 7, in ba ka ga mai fitowa ba, ka cire ka toshe.

Amma fa kada ka yi wannan lokacin da suke da 'ya'ya. Jariran sai sun yi makonni kafin su iya tashi. In ka kori iyayen, jariran za su mutu a ciki, iyayen kuma su riƙa faɗowa ɗakuna suna neman hanya. In kana jin tsuwwa da dare bayan manya sun fita, ka dakata.

Hayaƙi da kafur da na'urar ƙara, asarar kuɗi ce, kwana kaɗan sun dawo. Guba ta fi muni, gawa za ta tara maka.

Wajen kwashe kashin, ka sa takunkumin N95 mai tace ƙura da safar hannu, ka yayyafa ruwa kafin shara, domin ƙurarsa na iya ɗaukar ƙwayar cutar huhu. Kada kowa ya kama jemage da hannu tsirara, musamman yara. In ya ciji wani ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti a ranar, saboda cutar haukan kare.