Amsar tambayar Malam a kan jirgin yaƙin Ingila da ya nutse ba a fagen fama ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Malam, na saurari tambayar da ka aiko daren jiya, inda kake son sanin ko gaskiya ne akwai babban jirgin yaƙin Ingila da ya nutse da ɗaruruwan mutane alhali ba a harba masa ko harsashi ɗaya ba. Gaskiya ne. Sunan jirgin Victoria, kuma ya nutse ranar 22 ga Yuni, 1893, a Bahar Rum, daura da garin Tarabulus. A lura, wannan ba Tarabulus ta Libiya ba ce da fatakenmu na da suka sani. Wata ce a ƙasar Labanon ta yanzu, wadda a lokacin take hannun Turkawa.

Sai an san ƙirar jiragen zamanin kafin a gane abin da ya faru. A shekarar 1866, a yaƙin Lissa, wani jirgin Ostiriya ya tunkuyi jirgin Italiya mai suna Re d'Italia ya nutsar da shi, kuma tun daga nan maƙeran jirage suka ɗauki tunkuyi a matsayin babban makami, har kusan kowane babban jirgin yaƙi aka riƙa sa masa ƙahon ƙarfe a goshi, ƙarƙashin ruwa. Shi Victoria an saka shi a ruwa a 1887, shekarar da sarauniyar da aka sa masa sunanta ta cika shekara 50 a kan gadon sarauta. Yana ɗauke da manyan igwa biyu a gaba, kowace nauyinta ya kai kimanin tan 110, goshinsa kuma bai ɗaga sama da ruwa sosai ba.

Kwamandan rundunar Bahar Rum a lokacin shi ne George Tryon, mutumin da sojojin ruwan Ingila suka yarda babu gwani kamarsa wajen sarrafa jerin jirage. Yana da kwarjini, ba ya yawan bayani, kuma ya saba ba da umarnin da ke rikita hafsoshinsa domin ya gwada basirarsu, daga baya su ga hikimar abin. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, Tryon ɗin nan shi ne ya fi kowa damuwa da yadda kyaftin-kyaftin suka zama ba sa motsi sai an ɗaga musu tuta, kuma ya yi ta ƙoƙarin koya musu aiki da hankalinsu.

A ranar, jirage 11 suka taso daga Bairut a layi biyu, za su kwana a Tarabulus. Victoria ne a gaban layi ɗaya, Camperdown a gaban ɗayan, ƙarƙashin mataimakin kwamanda Albert Markham. Tsakanin layukan yadi 1,200 ne. Tryon ya shirya cewa layukan biyu su juyo ciki, kowane ya fuskanci ɗan'uwansa, su juya baya ta hanyar da suka biyo kafin su saki anga. To, Malam, yi lissafin da kanka: jirgi irin wannan yana buƙatar fili kimanin yadi 800 kafin ya gama juyawa, jirgi biyu ke nan yadi 1,600, ga shi kuwa filin da ke akwai 1,200 ne kawai. Hafsan da ke kula da tuƙi, Hawkins-Smith, ya faɗa masa cewa sai an buɗa tazarar zuwa 1,600, ya amsa da to, amma da ya zo ba da umarnin sai ya rubuta tazarar farko a 'yar takarda. Kyaftin ɗin Victoria, Maurice Bourke, shi ma ya tuna masa faɗin da jirginsu ke ci wajen juyawa, Tryon ya ce a bar shi yadda yake.

Da aka ɗaga tutocin umarni, Markham ya ga hatsarin, ya yi jinkirin amsawa. Wannan mutum ba matsoraci ba ne, domin shi ne ya ja tawaga a kan ƙanƙara zuwa can arewacin duniya a 1876, har suka kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa kafin su. Amma sai Tryon ya aika masa saƙo a idon rundunar duka, yana tambayarsa me yake jira. Nan take ya amsa, ya juya. Daga baya ya shaida wa kotu cewa ya zaci Tryon zai zagaye shi ta waje ne. Bourke ya yi ta neman izinin mayar da injuna baya, ba sau ɗaya ba, kuma lokacin da aka ba shi izinin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ƙahon Camperdown ya shige gefen dama na goshin Victoria wajen ƙafa 9.

Rana ce mai zafi, ƙofofin da ke tare ruwa tsakanin ɗakunan jirgin suna buɗe domin iska, kuma ba a sami lokacin rufe su duka ba. Sauran jirage suka fara sauke kwale-kwale, Tryon ya hana, domin yana ganin zai iya kai jirgin gaɓa. Tafiyar da aka yi ta nufin gaɓa sai ta ƙara tura ruwa ciki, goshin ya nutse, jirgin ya karkata. Ma'aikatan sun jeru sahu-sahu a saman jirgin suna jiran umarni, ba wanda ya fasa sahu har sai da aka ce su yi tsalle. Cikin ƙasa da minti 15 jirgin ya kife, farfelolinsa suna ta juyawa a sama, suka sare wasu daga cikin waɗanda suka faɗa ruwa ta baya, masu aikin inji kuwa da yawansu ba su ma fito ba. Mutum 358 suka rasu, har da Tryon, wanda bai bar wurin tsayuwarsa ba, kuma waɗanda suke kusa da shi sun shaida cewa ya ce laifin duka nasa ne. Cikin waɗanda suka tsira akwai John Jellicoe, wanda zazzaɓi ya kwantar a ɗakinsa ranar, shi ne kuma daga baya ya jagoranci rundunar Ingila a yaƙin Jutland a 1916.

Kotun soja ta zauna a Malta, ta ɗora alhakin a kan umarnin Tryon, ta wanke Bourke. Game da Markham, ta nuna takaicin cewa bai nemi ƙarin bayani ba kamar yadda ya fara niyya, amma ta ƙi kama shi da laifi, domin a ganinta hukunta hafsa saboda ya bi umarnin shugabansa zai ɓata tarbiyyar aikin soja. Ni a nawa ganin, Malam, kotun ta sassauta masa fiye da kima. Markham yana da jirginsa da layinsa, rayukan mutane suna wuyansa, ya kuma ga lissafin bai fita ba, amma kunyar a ce ya yi nawa a gaban jama'a da kuma yardar da ya yi cewa Tryon ba ya kuskure suka rinjaye shi. Na fi tausaya wa Bourke da Hawkins-Smith, waɗanda suka buɗe baki suka yi magana, ko da yake su ma ba su nace yadda lamarin ya kamata ba.

A 2004 masu ninƙaya suka gano gawar jirgin a zurfin kimanin mita 140. Nauyin igwan nan biyu da ƙarfin farfelolin sun sa ya tafi da ka, goshinsa ya kafe cikin laka, yana nan tsaye cak, ƙarshensa na baya yana kallon sama. Wassalamu alaikum.