In aka zo neman abin fata na kyauta

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi in mutum ya shigo rumfa yana son abin kyauta, amma bai san wanda zai ɗauka ba. Kada ka miƙa masa mafi tsada. Tambaye shi tukuna: wa za a ba, mece ce sana'arsa, kuma yaushe za a kai?

Malami ko ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, gafaka ce tasa. A kawo maka littafin ka auna, ka ƙara faɗin yatsa 2 a kowane gefe. In ta matse, bakin takardu zai riƙa lanƙwashewa wajen shiga da fita. Dattijo kuwa buzun salla. Ɗakin amarya tum-tum, guda 2 masu launi ɗaya. Matafiyi albai, wato jakar kuɗi ta fata da ake ratayawa.

Takalmi ne ya fi kawo rigima. Ban yarda ka yanka fata a kan "ƙafarsa kamar tawa ce" ba. A kawo tsohon takalminsa, ko a zana ƙafar a takarda yana tsaye, don ƙafa tana baje in an taka. In ba a samu ba, ka ba da shawarar wani abu dabam.

Fatar akuya za ka ɗauka, irin ta jan akuyar Maraɗi in ta samu. Ta tunkiya tana miƙewa, ɗinki kuma yakan yage ta. Ka sansana: wadda ba ta sha bagaruwa sosai wajen jima ba, da damina ta kama sai ta soma wari. Sannan ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan jan rinin karan dafi da baƙin rinin kuloko. In ƙyallen ya ɗauki launi, ajiye fatar nan. Ka tuna a nan Damagaram farar babbar riga ake sawa ranar Juma'a da ranar Salla, albai kuma a kanta yake kwanciya. Ya ɓata rigar, kunya ta mai kyauta ce, zagi kuma namu.

In za a sa suna, mai saye ya rubuta maka da hannunsa, da ajami ko da boko. Aya ko sunan Allah ba sa hawa abin da ake zama a kai ko ake takawa, ko nawa za a biya ka.

Da ka gama, shafa man gyaɗa kaɗan, ka bar shi kwana ɗaya a inuwa. Ka naɗe a takarda ko ƙyalle. Leda tana sa fata gumi, kafin a kai ta yi fumfuna.