Kasafin ilimi na ƙasashe: ina ya kamata in kai ɗana karatu?

Tambaya: Ɗana ya ci bakalorea, jarrabawar kammala sakandare, bana. Ƙanina da ke Maiduguri ya matsa in turo masa shi, wai naira ta faɗi, karatu ya yi araha. Maƙwabcina kuma ya ce ya ji a rediyo gwamnatin Kamaru ta fi ta Najeriya zuba kuɗi a ilimi, don haka in bar shi a gida. Maganar wa zan bi? Daga wani uba a Marwa, Kamaru.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa karatun yaro albarka. Bari in fara da maganar maƙwabcinka. A taron Inciyon na Koriya ta Kudu a 2015, ƙasashe sun amince kowace gwamnati ta ba ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da take kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Gaskiya ne kason ilimi a kasafin tarayyar Najeriya ya daɗe bai kai kashi 10 ba. Sai dai a can jihohi 36 da ƙananan hukumomi ne ke ɗauke da yawancin makarantun firamare da sakandare, kuma kuɗinsu ba ya cikin wannan lissafi. A nan Kamaru kuwa mafi yawan kuɗin daga Yawunde yake fitowa, a raba shi tsakanin ma'aikatar ilimin firamare, ta sakandare da ta manyan makarantu. Wanda ya jera alƙaluman biyu gefe da gefe ya auna gero ne da mudu iri biyu. Ga shi kuma abin da majalisa ta amince da shi daban, abin da ya isa aji daban, kuma albashin malamai ne ke cinye kaso mafi tsoka tun kafin a zo kan benci da littafi.

Shawarata ita ce ka bar shi a Kamaru, amma ba don maganar rediyo ba. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, kuma Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana garinku. Zai kwana a gida, ya ci tuwon gida. Da Faransanci ya yi karatunsa, a Najeriya kuwa sai ya koma Turanci, ga jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati na can sun yi wata takwas suna yajin aiki, iyaye na ta biyan hayar ɗakin da ba a karatu a cikinsa. Faɗuwar naira tun 2023 ta ƙara wa sefarka ƙarfi, amma abinci da haya ma sun tashi. In ya dawo neman aikin gwamnati, sai an tantance takardarsa a Yawunde.

Nan ma akwai nasa ciwon: cunkoso a ɗakunan karatu ba wasa ba ne, domin ɗaliban Chadi ma da yawa nan suke zuwa. Ka tambaye shi abin da yake son karantawa. In likitanci ne, ya gwada jarrabawar shiga makarantar likitanci ta Garwa. In fannin babu shi a kusa, to a nan ne tayin ƙaninka zai yi amfani.

Tambaya: An ce firamare kyauta ce, amma duk shekara sai na biya. In mayar da 'yata makarantar kuɗi? Daga wata uwa a Kuseri, Kamaru.

Amsa: Hajiya, tun 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. Abin da kike biya na ƙungiyar iyayen yara da malamai ne, APEE, kuma da shi ake sallamar malaman da iyaye suka ɗauka saboda na gwamnati ba su isa ba. Haka abin yake a tsallaken kogi a Chadi. Ki nemi rasit, ki halarci taron iyaye ki ji inda kuɗin ya shiga. Kafin ki canza mata makaranta, ki je da safe ki ga yara nawa ne a ajin, ki ba ta littafi ta karanta miki da baki. In tana karantawa, ki bar ta, kuɗin ki saya mata littattafai. In ta kai aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi ba, ki cire ta, amma ki yi wa ɗaliban sabuwar makarantar wannan gwajin kafin ki biya ko sisi.